Sannu

A bayan kasuwar Farin Gada na tsince ta,
inda ake zubar da ruɓaɓɓen kabeji.
Ido ɗaya a kumbure,
haƙarƙari a jere kamar haƙoran mataji.
Ban je don ita ba. Tumatir ya kai ni.

Likitar dabbobi a Bukuru, Nandir, doguwa mai tabarau,
ta ɗaga mata leɓe, ta dubi dasashi.
"Kaska sun shanye jinin.
In ta ga Juma'a, ka dawo da ita."
Allura biyu, ƙwaya a ƙullin takarda,
kuɗin da na ware don sabuwar taya.

Makon farko ba ta da hali.
Ciwo ce kawai mai wutsiya,
tana rawar ɗari cikin tsohuwar suwaitata
in sanyi ya gangaro daga duwatsun Shere.
Asabe ta kafa doka:
kwanonta daban, iyakarta gindin gwaiba,
kada ta kusanci buta ko tabarma.
Na ce na ji.

Mai kawo ruwa ya leƙa ya ce sannu.
Yaran maƙwabta ta kan katanga, sannu.
Ni ma safe da yamma, sannu, sannu,
har ranar da kunne ɗaya ya miƙe.
Ta ɗauka sunanta ne.
Wa zai ƙaryata mara lafiya?

Sai hali ya fara tsirowa
kamar gashin da ke dawowa a gadon bayanta,
nan tsiro, can fili.
Ashe makira ce.
Takan karɓi ƙwaya cikin ladabi, ta lumshe ido,
kwana huɗu kafin na gano su
a jere bayan tankin ruwa, farare tas.
Kunu, a'a. Kan kifi, sai ta yi shawara.
Ƙanzon tuwon acha kuwa, ko a mafarki.

Ranar da ƙanƙara ta yi ta dukan kwanon rufi
ko gezau, hamma ma ta yi.
Amma da Asabe ta ɗaga tsintsiya don shara
sai ta manne da ƙasa, fitsari na bin ƙafarta.
Muka yi tsit.
Wani ya riga mu rubutu a wannan allo,
ba mu san hannunsa ba.

Haushinta na farko, ranar Talata,
ba ɓarawo ta yi wa ba,
zakaran gidan Malam Sidi ne.
Muryar ta fito a shaƙe kamar tsohuwar ƙofa,
ita kanta ta waiga neman mai ita.

Ni na ɗauko ta, ni na biya,
ni ke wanke gyambon da ruwan gishiri.
Abin da nake samu: kaɗa wutsiya sau biyu,
irin gaisuwar mai bin ka bashi.
Idonta na kan Asabe,
wadda ba ta taɓa shafa ta ba, ba kuma za ta shafa ba.
Tana kwance daidai kan iyaka,
hanci a gindin gwaiba, ko taku ɗaya ba ta ƙarawa.

Yanzu da asuba ake shara a gidanmu,
kafin ta farka.
Kuma shekara goma sha tara ina cin tuwon matar nan,
bai taɓa kamawa ba
sai a watan nan, kullum.