Bayan Kaye

Shekara ashirin da shida ina buɗe akwatin mita,
gida-gida, daga Bagalam har Ali Ɗan Sofo.
Gaban kaye na kamfani ne: lamba, lamba, lamba.
Bayan kaye nawa ne.

A Mokoyo abin ya fara, wata Talata.
Na ɗaga murfi, ta dube ni da ido takwas,
ni mai biyu na rasa ta cewa.
Toka-toka ce, a shimfiɗe kamar an bi ta da dutsen guga,
ta rungume farin ƙunshin ƙwai
kamar mai komowa kasuwa da ƙullin gishiri.
Na tambayi maigidan sunanta, ya ce gizo-gizo.
Maƙwabcinsa ya ce tautau, ya tuɓe takalmi.

Suna biyu kacal, ga dangi mai yawan haka!
Gero ma kowane da nasa,
zango daban, ba'angure daban.
Sai na shiga raɗin suna, ba rago, ba wanzami.

Mai-Guga, ta bayan mita.
Ɗan-Tsalle, baƙi mai ɗigon fari a goshi,
ba ya saƙa, ba ya jira,
bango yake bi da tsakar rana yana yi wa ƙuda sanɗa.
Tsinke, mai rawa in an taɓa zarenta.
Sai Zinariyar Gulbi,
da ke ɗaura igiya daga mangwaro zuwa gwaiba
a lambun Jadi,
rawaya, kamar an tsoma ta a ruwan gangamau.

Kowace da rana, da unguwa, da inda ta maƙale.
Sha huɗu ga Satumba, Sura Bildi, bayan ruwa: uku.
Tibiri, gindin rumbu: ɗaya, da ƙwai.
Jiratawa, bakin kwalbati: na gaji da ƙirga.

Kuluwa ta ce, tsaranka na tara awaki,
kai kana tara abin da nake sharewa.
Amma ita ce ta kife kwano a madafa,
ta hana kowa taɓawa har la'asar.
Zo ka duba, ta ce, wannan ba ta cikin kayenka.
Ba ta ciki kuwa.
Na sa mata Kuluwa, don tana da faɗa.

Zinariya, shekarar farko, sha tara a lambu guda.
Da aka shigo da feshi kan kabeji da tumatir, bakwai.
Sannan biyu.
Bara na bi gulbi da ƙafa, yashi na cin duga-dugai,
na leƙa kowane reshe har rana ta yi ja.
Sifiri ma shaida ne, na sani,
amma sai da bik ya yi rawa a hannuna.

Wata kuma ta zo ba gayya,
mai jan ciki, cikin lodin ayaba daga kudu.
Ba wanda ya tsai da ita a Ɗan Isa.
Na fara ganinta a tasha, ƙarƙashin benci,
bana ta kai unguwar Zariya,
ta yi ɗiya a bayan mitar wani tela.

Yanzu ido ya ja baya.
Jikata Tsahara ke riƙe kaye da cocila.
Da dare a gonar bayan gari takan haska ƙasa,
ta ce, Kaka, ga taurari sun zube a ciyawa.
Na ce, idanu ne, ƙirga, ki rubuta.
Ta ce a lakkol an ce duk suna da sunan boko,
dogo, mai karya harshe.
Na ce to, ki sa nasu ƙarƙashin nawa.

Jiya da asuba, a hanyar tafkin Madarunfa,
tsakanin kanya da wani tsohon gawo,
zare ya shafe ni a fuska.
Mai ƙarfi. Na ɗaga shi ga hasken gabas.
Rawaya ne, Tsahara?
Ta daɗe tana kallo. Ta ce, kamar.

Ba mu ga mai shi ba.
Na ce ta sa rana, ta sa wuri,
ta rubuta ɗaya,
amma da fensir.