Daren Laraba a Kiel

Torben ya shigo jiƙe da ruwan sama,
ya ɗosana a bakin kujera.
Ya ce, "Likita, ban taɓa ɗan kowa ba.
Amma akwai abin da ke cikina
da nake tsoro fiye da mutuwa."

A aljihuna akwai hoton Fenja,
'yata, shekara bakwai, da giɓin haƙori.
Cikina ya ɗuri ruwa. Ban tashi ba.

Ban rarrashe shi ba.
Na ce ya ajiye aikin koyar da ninƙaya gobe,
ya faɗa wa yayarsa ta daina bar masa yara,
ya dawo kowace Laraba, ko ana zuba ƙanƙara.

Maƙwabciyata Wiebke ta ce irinsu sai wuta.
Wanda ya taɓa yaro, kurkuku; ban ja ba.
Amma wanda aka kora tun bai buɗe baki ba,
ina zai nufa?
Duhu ba shi da mai gadi.

Da dare, ina taje gashin Fenja,
na sake koya mata cewa a'a,
da ƙarfi,
har ta fashe da dariya.