Uku da Ɗigo Takwas

Daren Juma'a mai hasashen yanayi ya ce gobe iska za ta kwanta.
Na yarda da shi, kamar yadda na yarda makon jiya.
Na fito da batura shida daga akwatin ƙarfe,
na jera su kan siminti, nesa da gwangwanin fenti,
na ja kujera na zauna gadinsu,
don ba a barin batir yana shan wuta a tafi barci.
Caja tana ƙyafta koren idonta.
Huɗu da ɗigo biyu. Sun ƙoshi.

Asabar da asuba teku ta sake shawara.
Iska ta ƙetaro tsibirin Unst daga arewa
tana dukan ƙofar gareji kamar mai bin bashi.
Tumakin Lowrie sun juya mata baya a gindin katangar dutse,
ruwan sama yana tafiya a kwance.
Jirgina mai jan fiffike, tsawonsa gaba ɗaya,
yana rataye a rufi yana kallon ƙasa.

Lahadi haka. Litinin har ta fi.

To, batir ba ya son doguwar ƙoshi.
Bar shi a cike kwana da kwanaki, sai ya kumbura
kamar wanda aka yi wa laifi ya ƙi magana.
Lowrie ba ya jin wannan. Nasa kullum a cike suke,
wai kada rana ta leƙo ta same shi bai shirya ba.
Bara rumfarsa ta kama da tsakar dare,
da ragar kifi, da keken matarsa, da jirage uku,
muka tsaya cikin rigunan barci muna kallo.
Gani ga wane.

Don haka daren Litinin na koma kan kujerata
ina zare wutar da na zuba da hannuna,
ɗaya bayan ɗaya, fankar caja tana huci,
har kowanne ya sauko uku da ɗigo takwas,
ba yunwa, ba ƙoshi.
Shekara talatin ina gyaran injin jirgin fito,
ban taɓa aikin da ake warwarewa da gangan ba sai wannan.

Laraba, wadda aka ce za ta fi kowace muni,
ƙarfe huɗu da kwata, ina wanke kofi,
sai na ji shiru.
Igiyar shanya ta daina rawa.
Merran, jikata, ta shigo da takalmin roba a ƙafa ɗaya:
Kaka, hayaƙin gidan Lowrie ya miƙe tsaye!
Cika batir sa'a guda ne,
ga kuma baƙin hadari can yamma yana ɗaura ɗamara,
minti ashirin, in ya yi mana kara.

Na ɗauki ɗaya yadda yake, rabin ciki,
na cusa shi cikin riga, jikin fata,
don sanyi ma ɓarawon wuta ne.
Muka hau tudu ina haki.
Merran ta ɗaga jirgin sama da kanta ta wurga.

Minti biyu da rabi.
Ya haye kan katanga, ya karkata ta bakin gaɓa,
wani tsuntsun teku ya biyo shi yana tambayar asalinsa.
Yatsuna sun ƙage a kan rimot, ban ji ba.
Farfela ta soma sanyin murya, na juyo da shi,
ya sauka da ciki tsakanin tumaki biyu
da ko kai ba su ɗaga ba.
Ɗigon farko ya faɗo mini a kan tabarau.

Yanzu batirin yana kan siminti yana hucewa.
In ya huce zan mayar da shi rabi, ya koma wajen 'yan'uwansa.
Merran tana rubuta kwanan wata a jikinsa da hannun hagu,
rediyo kuma yana can kicin yana rantsuwa a kan Asabar.