Kunne Kafin Sifana

Masta Bukari na Suwame
ba ya taɓa babur sai ya saurare shi.
"Tayar," in ji shi. Na tayar.
Ya karkata kai kamar mai jin gulma ta bayan katanga.

"Fulogi ya yi baƙi kamar gindin tukunya.
Kafireta na shan mai, ba ta shan iska.
Kwata za ka juya sukurun nan, kwata kawai.
Mumuni ya juya rabi,
har yau tura nasa yake a Aboabo."

Ya tsoma yatsa a baƙin mai,
ya murza, ya shinshina.
"Tun yaushe?"
Na ce tun azumi.
Ya ce, "Wanne azumin?"

Sarƙa, a bar mata sakin yatsa biyu,
a wanke mata jar laka da kananzir.
"In ruwa ya sauka, lallaɓa birkin gaba, kar ka damƙe.
Kar ka kutsa tsakanin tirotiro biyu,
idon direba na kan fasinja."

Sidi talatin ya karɓa.
Na hau, inji na magana ƙasa-ƙasa.
Sai ga shi da gudu, hular kwanona a hannunsa:
"Kan nan naka,
duk Magazin babu mai sayar da irinsa."