Allura Cikin Ruwa

Laraba, ƙarfe biyu, ɗakin ƙasa na laburare.
Ta taga ɗaya tilo ana hango dutsen Misti,
ya kafa farar hularsa, ya yi gum.
Su goma sha huɗu ne, cikin fararen riguna.
Ni ba likita ba ce, mai tsaron rumbu ce,
Eulalia, shekara ashirin da shida a kujerar nan.

Na ce, "Ku tambaya."
Teófilo ya rubuta "ciwon tsauni", ya danna.
Rumbun bayanai ya amayo masa dubu goma sha ɗaya.
Ya washe baki kamar ya yi tsintuwa.
Na ce, "Ɗana, ambaliya ce wannan, ba ruwan sha ba.
Wane ne majinyacin? Me za ka ba shi?
A maimakon me? Me kake fatan gani?
Bari tambaya ta tsaya da ƙafafunta tukuna."

Kalmomi uku ne jarina.
DA tana tsuke ƙofa,
KO tana wangale ta har maƙwabta su shigo,
BANDA kuwa wuƙa ce, a riƙe ta da tsoro,
ta sha yanke abin da ake nema.

Nilda ba ta ce uffan ba sai can:
"Gado na tara. Don Aurelio, mai haƙar ma'adinai daga Caylloma.
Jininsa ya yi kauri, leɓɓansa sun rine.
Babban likita ya ce a rage jinin, haka aka saba.
Ni so nake in san dalili."

Muka ja kujeru.
Dubbai suka koma ɗari uku,
ɗari uku suka koma tara.
Muka shiƙe su ɗaya bayan ɗaya:
wannan a kan ɓeraye aka gwada,
wannan mutum bakwai kacal,
wancan mai sayar da maganin ne ya biya kuɗin binciken.
Saura biyu. Su ma ba su jitu ba.

Ta ce, "Ke nan babu amsa?"
Na ce, "Yanzu kin san inda sani ya tsaya.
Gobe ki faɗi haka a bakin gado, ba tare da kunya ba."

An ce allura cikin ruwa mai rabo ka ɗauka.
Ni dai na lura rabon nan
ya fi ga wanda ya iya yashe rijiya.

Ta ninke takardun biyu,
ta cusa su a aljihu kusa da abin sauraren ƙirji,
ta haura matakala da gudu,
ta bar min rabin burodinta a kan tebur.