Kalmasar Ƙuda

Ruwan Agusta ya rufe Naraguta tun la'asar,
ni da Nanret muka rage a ɗakin gwaji.
Kwalabe a jere, an toshe bakinsu da auduga,
kunun masara da yis na tsami a gindinsu,
ƙudaje ƙanana masu jan ido
suna hawa suna sauka, ba ruwansu da mu.

Danginsu ne ke bin ayaba a Farin Gada,
mai tumatir ya kore su da kwali, su dawo.

Na fasa ƙwaƙwalwar tsutsa a kan gilashi,
na ɗiga launi, na danne da babban yatsa,
na kafa ido a madubi.
Ga zaruruwan gado nan, guda takwas,
kowanne da bakinsa biyu.

Kakata Tabawa, tana saƙa a Gangare, ta sha faɗa:
tabarma ba ta mutuwa daga tsakiya,
daga gefe take fara zubewa.
Haka zaren nan yake.
Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu biyu sai an kwafe shi,
mai kwafin kuwa ba ya kaiwa ƙarshe,
kullum da ɗan ragi, kamar awon mudu mai lotsattsen gindi.

Mu da tumaki da kaji muna da maginin gida
mai nanata kalma ɗaya a bakin zare
har giɓin ya cike.
Ƙuda ya rabu da nasa tun kafin a san ƙirga shekaru.

To me ya riƙe shi?
Baƙi.
Gutsattsarin gado 'yan yawon duniya,
irin masu tsalle daga nan su dira can,
waɗanda 'yan uwansu ke faɗawa tsakiyar magana su ɓata ta.
Gida uku daga cikinsu suka yada zango a bakin zare,
su haifi kansu, su ɗaure kansu a wutsiya,
ƙarshe na cinyewa, suna ƙarawa.
Wanda ya haura katanga jiya
yau shi ke riƙe da tocilan gadi.

Nanret ta ce, kakanki ke nan,
da ya zo haƙar kuza da buhu ɗaya
wai damina biyu zai yi ya koma.
Na ce, ke ma ai motar Pankshin ce ta sauke ki.
Muka yi dariyar da ba a yi a waje.

Sai dai tsawo kaɗai ba ya wadatarwa.
Cikin ƙwaya akwai maɗinka masu zafin nama,
da sun ga baki a buɗe su ce karaya ce,
su kamo wannan su haɗa da wancan.
Shi ya sa kowane ƙarshe ke da hula,
'yan furotin rungume da juna,
suna cewa: ku wuce, nan ba ciwo ba ne,
nan dai aka tsaya.

Tsutsar yau ba ta da hular.
Na dube ta har idona ya yi ruwa:
zaruruwan sun manne baki da baki
kamar taragon da aka manta a tsohuwar tasha,
wani ya ciji wutsiyarsa ya koma zobe.
Da lokacin rabo ya zo, nan ya ja, can ya ja,
abin ya tsinke.
Garin gyara aka kashe ta.

Abin da na kasa ajiyewa tare da farar rigar aiki:
hular nan ba ta karanta abin da ke rubuce a ƙarshe.
Ba ta tambayar ɗan wane ne.
Inda zare ya ƙare, nan take zama.

Ruwa ya tsagaita wajen magariba.
A bakin titin Bauchi muna jiran keke,
ita za ta yi Rukuba, ni Gangare,
Nanret ta kamo gefen gyalena,
wani silin zare ya fara warwarewa.
Ta ce, kar ki ja.
Ta ƙulle shi da hannunta mai warin yis,
sanyi na kaɗa mu,
mai keke na ta danna oda.