Wankin Kuza

A Taminus na saye shi, naira ɗari bakwai,
ƙamus marar bango, ɓeraye sun ci gefensa,
shafukan farko duk sun zube,
don haka Turancina daga tsakiya ya fara.

Kalma biyar kullum na ɗora wa kaina.
Da asuba, sanyin Jos na cizon yatsu,
nake rubuta su a bayan rasitin shagon Oga Dalyop
inda nake auna ƙusa da fenti.
Wata doguwa ce kamar tirelar dankali,
sai na sauke ta gaɓa-gaɓa kafin ta shiga baki.
Wata kuwa munafuka:
ga harafi a gaba, amma ba a furta shi,
yana zaune kurum, ɗan rakiya.

Kakana kuza ya wanke a Bukur.
Ya ce kwano ɗari na yashi
kan bar maka abin da bai cika tafin hannu ba.
Ni ma haka. Ran Litinin na haddace biyar,
kafin Alhamis ruwa ya tafi da uku.

Na taɓa jefa wata ƙatuwa a cikin keke
a kan canjin naira hamsin.
Direban ya waiwayo: "Malam, lafiya dai?"
Har Farin Gada ko tari ban ƙara ba.

Daren jiya Inna na tsintar acca a faifai,
ta ji ina maimaita guda, ina tuntuɓe.
Ta ce, "Wai Sabi'u, wannan da kake ta tauna
kamar ganda, me take nufi?"
Na bi layin da yatsa, na ce,
"Mutum ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi,
bai fasa ba."
Ta hure ƙaiƙayi. "Au, naci?
Duk tsawon nan ashe naci ne?
Ai da ni ka tambaya."

Na yi dariya, amma ban rufe littafin ba.
Na rubuta tasu, na rubuta tata a gefe,
doguwa da gajera, kafaɗa da kafaɗa.

Jarrabawa saura wata biyu.
Fitila ta fara lumshe ido,
ga sauran kalma biyu a kason yau,
ɗayar ma ban san ta inda ake kama ta ba.